Tsagar da Ke Cikin Ƙugiya

A watan Satumba na 1976 ƙugiyar injin ɗaga dutse ta karye a wani kamfanin fasa duwatsu da ke bayan Madakiya. Dutsen da take ɗauke da shi ya sauko a kan ƙafar wani lebura mai suna Obadiah, likita kuma ya yanke ƙafar daga gwiwa. Tun kafin ruwan sama ya wanke jinin daga ƙasa, kamfani ya riga ya sami mai laifi. Baba Zamani ne, maƙerin wurin, wanda mako uku kafin nan ya sa zoben saman ƙugiyar a wuta ya miƙe shi. Aka ce ya ƙona ƙarfen, shi ya sa ya gaza.

Kora daga aiki ba ta dami tsohon sosai ba, domin mai guduma da uwar maƙera ba ya kwana da yunwa a ƙasar manoma. Abin da ke cin ransa daban ne. Obadiah surukinsa ne, mijin Selina, 'yarsa ta fari. Tun ranar da maganar ta kai kunnenta ba ta ƙara ce masa ko uffan ba. In sun haɗu a majami'a sai ta sauya benci.

Kamfanin yana son takarda da za ta rufe bakin kowa, don haka aka yanko guntun ƙarfe daga daidai inda ƙugiyar ta karye, aka kawo Kafanchan, wata makarantar koyon sana'a ta mishan. A duk yankin nan kaɗai ake da madubin duba ƙarfe. A nan kuma Afiniki take.

A takardar ɗaukar aiki an rubuta ta mai kula da ɗakin gwaji, wato shara da wankin kwalabe. Amma shekara uku ta yi tana tsaye a bayan wani malami Ba'indiye da ya kawo madubin, tana kallon hannunsa, har ya gaji da korarta ya fara koya mata. Da ya koma ƙasarsu, malaman da suka rage ba su san ko inda ake kunna abin ba. Da ƙwan fitilarsa ya ƙone, ita ta je kasuwa ta sayo ƙwan babur ta ɗaura, ta haɗa da batirin mota. Da koren gilashin da ke tace hasken ya fashe, ta samo ɓallin gilashin tsohuwar fitilar sigina a wurin babanta, wanda ya tsufa a aikin jirgin ƙasa, ta goge gefensa da dutse har ya shiga ramin. Mace ce siririya, ba ta da yawan magana, amma kowa a makarantar ya san in ta ce a'a to gara ka nemi kujera ka zauna.

Kwana biyu ta yi tana goge guntun ƙarfen, daga takarda mai kaushi zuwa mai laushi, daga nan zuwa ƙyalle, har ya koma tana ganin haƙoranta a ciki.

Ranar Alhamis da hantsi Injiniya Martins ya iso daga Kaduna a farar mota. Ɗan ƙasa ne, kowa ya san gidansu, sai dai ya yi shekara biyar a Ingila ya dawo da taye da wata irin tafiya. Malam Rufus, shugaban makarantar kuma dattijon ikilisiya, ya tarye shi da hannu biyu, da yake kamfanin ne ya yi alkawarin tsakuwar ginin sabon ɗakin sujada. Martins ya sa an kira iyalin wanda ya ji rauni domin su ji sakamako da kunnensu. Shi ya sa Baba Zamani yake zaune a wannan ƙarshen baranda da hula a gwiwa, Selina kuma a wancan ƙarshen da goyo a bayanta, tana kallon bishiyar mangwaro.

Martins ya shiga ɗakin gwaji, ya ga batirin mota a ƙarƙashin tebur, ya yi dariya.

"Wannan lab ne ko gareji?"

"Yana aiki, Sa," in ji Afiniki.

Bai ko dube ta ba. Ya ɗauki ƙarfen ya ajiye a kan faifan madubin haka nan, ya murɗa wuta har ƙarshe, ya tura wasu ƙananan sanduna biyu da ke jikin bututun fitila suka buɗe gaba ɗaya. Ya sa ido, ya juya marfin saita gani sama da ƙasa, ya ɗago.

"Kamar yadda na faɗa. Ƙarfen fes yake daga fakitiri. Firinsifal, zo ka gani."

Malam Rufus ya cire tabarau ya leƙa. Abin da ya gani fari ne fat, mai kashe ido, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. Ya ɗago yana share hawaye.

"Lallai, da tsabta yake. Fari kamar zuciyan mai bi."

"To tunda ƙarfen ba shi da aibi, wutan tsohon ne ya lalata shi." Martins ya buɗe jaka ya zaro takarda. "Ga ripot. Ki sa hannu a nan, cewa a lab ɗinku aka duba."

Afiniki ta karɓa. An buga ta da tafireta, har da kwanan wata, kuma kwanan watan na ranar Litinin ne, ranar da ƙarfen ke hannunta ko rabin goge shi ba ta yi ba. Ta san Baba Zamani tun tana yarinya, shi ya ƙera wa mamarta fartanyar da har yau ake noman citta da ita. Amma ba sani ne ya tsayar da ita ba. Haushi ne, haushin a shigo ɗakinta, a taɓa madubinta kamar mai buɗe rediyo, a ce an duba.

"Sa, ba a duba ba tukuna."

"Me kin ce?"

"Na ce ba a duba ba. Fitila ka gani, ba ƙarfe ba."

Malam Rufus ya yi gyaran murya. "Afiniki, ɗiyana, injiniya ne fa. Abin da babba ya hango..."

"Baba, babba bai hango komai ba. Ya buɗe ƙofa duka biyu."

Martins ya naɗe hannu a ƙirji ya yi murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. Ya ce to, ga fili ga mai doki, ta nuna musu.

Wanda bai san irin wannan madubi ba zai ɗauka kamar na asibiti ne, inda haske ke tasowa daga ƙasa ya ratsa ɗigon jini. Ƙarfe ba ya barin haske ya ratsa shi. Don haka a nan hasken daga sama yake saukowa, ta cikin gilashin da ake kallo da shi, ya bugi fuskar ƙarfen ya dawo ido. Inda ƙarfen ya yi sumul, haske ya dawo duka, a ga fari. Inda akwai rami ko tsaga, haske ya watse gefe, a ga baƙi. Amma in an yi wa abin ambaliyar haske, wanda ya ɓace hanya yakan yi ta yawo a cikin bututun ya lulluɓe komai, siririn baƙi ya nutse a cikin fari. Afiniki ta san wannan a hannunta tun kafin ta iya faɗinsa da baki.

Ta fara da cire ƙarfen daga faifan. Ta murza ɗan kakin zuma a kan gilashi, ta ɗora ƙarfen, ta danna da matsi har fuskarsa ta kwanta daidai, domin in ya karkata ko kaɗan hasken zai dawo a karkace. Ta mayar, ta rage wutar da Martins ya murɗa, ta juya marfi a hankali har ta kama wani ɗan tabo a fuskar ƙarfen ya fito sarai.

Sai ta koma kan sandunan biyu. Kowace tana riƙe da ƙofa mai tsukewa da buɗewa kamar bakin jaka mai zariya. Ta farkon ita ke yanke faɗin wurin da haske zai faɗa. Ta tsuke ta har fili ya koma ɗan da'ira mai kusurwoyi a cikin duhu, ta ga da'irar ta gudu hagu, ta jawo ta tsakiya da ƙananan kusoshi biyu. Sannan ta buɗe ta sannu a hankali, ta tsaya daidai lokacin da bakinta ya ɓace daga gani, ko ɗigo ba ta ƙara ba.

"Muna da sauran aiki a Kaduna fa," in ji Martins yana duba agogo.

"Kaduna ba zai gudu ba, Sa."

Ta zare gilashin ido daga bakin bututun ta leƙa ciki kai tsaye. A can ƙasa ga farin kwabo na haske, ga zaren ƙwan babur a cikinsa ya koma gefe, abin da ya sa Malam Rufus ya ga gefe ɗaya ya fi haske ke nan. Ta kwance ɗan kusa, ta gyara zaman ƙwan har zaren ya zo tsakiya. Ta kama sanda ta biyu, ta tsuke ƙofar har ta ci kashi ɗaya cikin uku na kwabon, ta bar biyu. Ta zura koren gilashinta a raminsa, ta mayar da gilashin ido, ta sunkuya.

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Tana tura ƙarfen kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa bakin karayar. Sai hannunta ya tsaya.

Ga ta nan. Siririyar tsaga, ta taso daga bakin inda ƙugiyar ta karye ta yi ciki, a kwance take tana bin jijiyar ƙarfen, cikinta cike da toka-tokan ƙwarya irin wadda ƙarfe ke yi a wutar masana'anta. Ninki ne da aka yi tun ranar da aka buga ƙugiyar, aka rufe shi da datti a ciki. Rabi murna ta ji, rabi fushi.

"Bismilla, Sa."

Martins ya sunkuya. Afiniki tana kallon bayan wuyansa, ta ga ya ƙame. Amma da ya ɗago fuskarsa a shirye take.

"Wayo ne. Kin rage haske har ƙura ya zama tsaga. Kowa ya san in an tsuke wannan abu, ko karce zai zama rami."

Gaskiyarsa, kuma Afiniki ba ta musa ba. Ta ce ya sake leƙawa. Yana kallo ta tsuke ƙofa ta biyu har ƙarshe, fili ya dushe, kowane karce da kowace ƙwayar ƙura suka yi baƙi ƙirin da kauri, har da zobe-zobe a gefensu.

"Wannan shi ne ƙarya na mai tsukewa," ta ce. Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, komai ya narke cikin fari. "Wannan kuma ƙarya na mai buɗewa. Naka ke nan. Ni ban tsaya a nan ba, ban tsaya a can ba. Ka cire gilashin ido ka saita da hannunka, biyu cikin uku. A Ingila ma haka ne, ko sun canza?"

Malam Rufus ya ce, "Afiniki!"

Martins ya tsaya. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, ga ƙasa kuwa an share masa. In ya ƙi, ya nuna tsoro a gaban shugaban makaranta. Ya zare gilashin, ya leƙa, ya motsa sandar. Ashe ya iya, an koya masa, ganin dama ne bai yi ba. Ya mayar da gilashin ya duba.

"Saura ɗaya," in ji Afiniki. "Kun ce ya ƙona ƙarfen."

Ta ɗauke shi, ta ɗiga masa ruwan asid da aka tsinka da sifirit, ta ƙirga biyar, ta ɗauraye, ta busar, ta sake kwantar da shi. Yanzu ƙwayoyin jikin ƙarfen sun fito, kowace da siririn layi kewaye da ita.

"Ƙarfen da ya sha wuta fiye da kima, ƙwayansa manya ne kamar masara. Wannan kamar acca yake. Wutan Baba Zamani bai zo nan ba. A zobe ya yi aiki, zobe kuma yana can lafiya, taki ɗaya daga wurin nan."

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Martins ya buga tebur, ya ce shi ba zai tsaya mai wankin kwalba tana koya masa aiki ba, da ƙwan babur da fasasshen gilashi. Ya ce ripot ya riga ya wuce ofis, sa hannunta ado ne kawai, in ba ta sa ba firinsifal zai sa. Sai ya miƙa hannu zai ɗauke ƙarfen, domin a cewarsa kayan kamfani ne.

Afiniki ta shiga tsakaninsa da teburin. Ba ta kai kafaɗarsa ba, amma ta dafa gefen teburin da hannu biyu ta baya ta kafe.

"Za ka ɗauka. Amma sai Selina ta gani."

"Matsa."

"Kai ka kira ta ta ji da kunne. Gani ya kori ji. Sai ta gani."

Malam Rufus ya matso. Ba mugun mutum ba ne, tsakuwa ce ta tsaya masa a ido. "Ɗiyana, ki ji tsoron Ubangiji, ki yi biyayya. In kin ci gaba da wannan, zan karɓi makulli na lab yau ɗin nan."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Shekara tara ke nan tana buɗe wannan ɗaki kowace safiya, kuma ba ta da wani wuri a duniya da ta fi sani. Ta sa hannu ɗaya ta kwance igiyar makullan daga ƙugunta, ta jefa su a kan tebur, suka yi ƙara.

"Ga shi, Baba. Tsoron Ubangiji ne ya sa." Sannan ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji. "Selina! Shigo!"

Martins zai iya ture ta, ƙarfi ba ta fi shi ba. Amma taga a buɗe take, ɗalibai sun fito hutun rabin rana, kuma injiniya mai taye ba ya kokawa da mace a gaban jama'a. Ya ja baya yana huci.

Selina ta shigo a ɗarare, idanunta sun kumbura da kukan makonni. Ba ta taɓa sa ido a irin wannan abu ba. Afiniki ta kama kafaɗarta ta sunkuyar da ita, ta ce ta rufe ido ɗaya, kada gashin idonta ya taɓa gilashi.

"Me kin gani?"

"Kore."

"Cikin koren fa?"

"Ƙanana ƙanana abu... da wani baƙin layi. Dogo."

"Wannan layin shi ya karya ƙugiya. Yana ciki tun daga inda aka ƙera shi, tun kafin ya hau jirgi ya zo ƙasan nan. Kullum ana ɗaga dutse yana ƙara buɗewa. Ko Baba ya taɓa, ko bai taɓa ba, ranan nan zai zo."

Selina ba ta ɗago ba. "Kin tabbata, Afiniki? Kar ki faɗa don ki sanyaya mini zuciya."

"Da laifinsa ne, da nan ɗin zan nuna miki, da wannan hannun. Tambayi injiniya, shi ma ya gani."

Selina ta ɗago ta dubi Martins. Tambaya ɗaya ce a fuskarta. Shi kuwa ya sami abin yi da maɓallin jakarsa. Ta daɗe tana dubansa, har ta sami amsarta.

Afiniki ta matsa gefe. Martins ya fizge ƙarfen da kakin zuman a jikinsa, ya jefa a aljihu, ya tura wa Malam Rufus takardar. Dattijon ya riƙe biro yana kallon layin da aka bar masa. Ko ya sa hannu ko bai sa ba, Afiniki ba ta tsaya gani ba. Ta kashe fitilar, ta zare wayar batir, ta lulluɓe madubin da ƙyallensa kamar yadda take yi kullum, ta ɗauki jakarta ta fito.

A baranda Baba Zamani ya miƙe tsaye, ya ji ihu amma bai san me aka yanke ba. Hular tana hannunsa yana murza ta. Ya ga 'yarsa ta fito ta nufo shi, sai ya sunkuyar da kai kamar mai jiran mari.

Selina ta tsaya a gabansa. Sai ta kwance zanen goyo, ta juyo da yaron gaba, ta miƙa masa.

"Baba, riƙe mini shi. Bayana ya gaji."

Tsohon ya saki hular ta faɗi ƙasa, ya karɓi jikansa da hannu biyu.